Jan Tambarin da Na Manna wa Baba Audu

Ranar kasuwar da ta wuce ku uku kuka shigo shagona, kowa da waya a hannu, kuka ce kun kalli bidiyo kun koyi haɗa wasan waya a kwana biyu. Ɗayanku har ya leƙa laftof ɗina ya ce, "Malam Ɗanlami, ashe wannan ne aikin naka? Ai zama ne kawai a inuwa." Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa faɗar abin da ya fi wannan wauta. Gaskiyarku ce, haɗa wasa ba shi da wuya. Abin da ke fitar da furfura shi ne ka tsare wasan daga 'yan coge ba tare da ka zalunci mai gaskiya ba. Tunda kun ce in koya muku, bari in fara muku daga inda na faɗi, don nan ne na fi sanin hanya.

Ni da rediyo na fara. Malam Garba mai gyara, nan bakin tashar Tsanyawa, shi ya karɓe ni bayan na gama sakandare. Kayan aikinsa ba su wuce sukurdireba uku, da mita mai allura ta gwajin wutar lantarki, da ƙarfen narka dalma da ake ɗorawa a garwashi ba. Rediyo ta farko da ya ba ni ta wani mai shanu ce daga Kunci, wanda ya rantse ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga cikinta ba. Saboda rantsuwar nan na wuni ina neman cuta a inda babu ita. Da la'asar Malam Garba ya karɓa, ya kwance bayanta ya karkata, sai ga busasshiyar fura tana zubowa.

"Ka saurari mai kaya don ka girmama shi," in ji shi, "amma mita za ka tambaya."

Na haddace maganar tsaf, na kuma manta da ita daidai lokacin da za ta yi mini amfani.

Da waya ta shigo, rediyo ta mutu a hannunmu. Na tafi Kano kasuwar 'yan waya, na yi shekara huɗu ina koyon canza gilas da bakin caji da kuma filashin. Filashin shi ne ka wanke ƙwaƙwalwar waya ka zuba mata sabuwa, kuma ba ya yiwuwa sai ka ɓalle makullin da kamfani ya sa mata. Da na dawo gida, aikin nan ne ya riƙe ni. Mutanenmu ba kasafai suke sayen waya a kwali ba. Ta hannu ake kawowa, wata a kulle, wata da rubutun da ko limamin gari ba zai karanta ba, ni kuwa in ɓalle in wanke in miƙa. Daga nan har Kunci da wuya ka sami unguwar da babu wayar da ta bi ta hannuna. Ku riƙe wannan a ranku, zai dawo.

A zaman Kano ne nake zuwa wata makarantar kwamfuta Asabar da Lahadi, inda Malama Binta ta koya mini rubuta manhaja. Mace ce mai magana ɗaya, ba ta ɗaga murya, amma idan ta duba aikinka ta ɗago ta dube ka sai ka ji gumi yana bin bayanka. Aikinta na ainihi kula da sabar ne, wato babbar kwamfutar nan da ke ajiye can wani waje, wadda wayoyi ke aika wa saƙo ita kuma ta rarraba. A hannunta na fara jin cewa duk wasan da mutum biyu ke yi daga nesa, sai da sabar a tsakaninsu.

Dara na zaɓa, don ita na tashi na gani. A gindin tsamiyar ƙofar gidanmu akwai gurabe talatin da tsofaffi suka haƙa tun kafin a haife ni, ɗaya ya ɗauki duwatsu sha biyu, ɗaya ya ɗauki karare sha biyu, kowa na neman jera uku ya cinye ɗan abokinsa. To amma abokan wasa sun watse. Wani yana Dawanau wajen hatsi, wani ya tafi cirani, wani ƙafa ta hana shi fitowa. Na ce bari in haɗa su a waya. Wata takwas na yi a kanta, da tsohuwar laftof mai tsagaggen gilas da batirin sola. Har ƙarar dutse idan ya faɗa gurbi sai da na je gindin tsamiya na ɗauko, don na san tsofaffi ba za su yarda da darar da ba ta ƙara ba. Gwaji kuwa a kan surin bayan gonarmu nake yi, don a lokacin nan ne kawai sabis ke tsayawa da ƙafafunsa. Masu wucewa da garma sukan ce mini, "Ɗanlami, ko gara kake yi wa wa'azi?"

Kafin in sake ta na kai wa Malama Binta ta gani. Ta buga hannu biyu, ta ajiye wayar.

"Ina alƙalin wasan nan yake zaune?"

"A cikin waya, Malama."

"Wayar wa?"

"Ta mai wasa. Ita ke duba ko tafiyar da ya yi daidai ce, sannan ta aika wa sabar yadda allo ya koma."

"Ita sabar fa?"

"'Yar aike ce kawai. Ta karɓa ta miƙa wa ɗaya wayar, ta rubuta wanda ya ci."

"To ka ba kura ajiyar nama," ta ce. "Waya ta mai ita ce. Duk abin da ke hannun mutum, zai iya koya masa ƙarya. Ka mai da alƙali cikin sabar."

Ina da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Idan kowace tafiya sai ta je sabar an duba ta dawo, a irin sabis ɗinmu mutum zai iya yin alwala kafin dutsensa ya motsa. Amma hujjar da na faɗa da bakina ita ce ta wauta. Na ce, "Malama, manoma ne fa da 'yan kasuwa. Wa zai iya buɗe manhaja a cikinsu?" Ta miƙo mini wayar ta koma kan aikinta, ni kuma na ɗauka na ci gardama.

Shekarar farko daɗi kamar me. Dara ta bazu daga waya zuwa waya, daga majalisa zuwa majalisa, har ta kama rumfunan Dawanau, inda 'yan kasuwa ke bugawa suna jiran mota ta sauke kaya. Ba caca a ciki, ba kyauta. Abin da ake nema ɗaya ne, sunanka ya hau allon gwanaye da kowa ke gani idan ya buɗe wasan. A saman allon nan kuwa, wata da watanni, suna ɗaya ne: Baba Audu Mai-awo.

Baba Audu abokin mahaifina ne, daga wani ƙauye kusa da mu. Sana'arsa awo a Dawanau. Ba ya saye ba ya sayarwa, tsakani yake tsayawa. Manomi ya kawo gero, ɗan kasuwa ya taya, sai a kira Baba ya auna da tiyarsa, abin da ya faɗa shi ke nan. Jarinsa kaf a duniya tsohon kwanon nan ne da kuma yardar da mutane suka yi masa. Dara kuwa tun a ƙasa ba mai iya masa. Yakan bar maka 'ya'ya biyu ka ci kana murna, ashe rami yake haƙa maka.

Shekara ta biyu ce muguwar shekara. Bayan girbi wani ya bayyana a allo da sunan Guguwar Kunci, cikin mako uku ya haye kusa da Baba. Sai ƙorafi ya fara shigo mini shago. Wani ya ce ya ga dutsen Guguwa ya tsallake gurbi biyu. Wani ya ce ya cinye masa ɗa, ya juya ya amsa sallama, ya dawo ya tarar ɗan ya tashi daga matattu. Da farko na ce sabis ne. Da na buga da shi da kaina na ga dutse ya yi tafiyar karkace a gaban idona, na san an buɗe manhajata an yanke wa alƙalin harshe. Ɗan hakin da na raina ya tsone mini ido.

Maimakon in koma ga maganar Malama, girman kai ya sa na ƙara gini a kan ruɓaɓɓen tushe. Na rubuta wani mai gadi na sa a cikin wayar. Aikinsa ya duba ko an taɓa ɓalle makullin waya, don na karanta cewa masu coge da irin waɗannan wayoyin suke aiki. Idan ya ga an ɓalle, sai ya manna jan tambari a gefen sunan mutum a allon gwanaye, da rubutu ɓaro-ɓaro: Ɗan Coge. Ni na zaɓi launin, ni na zaɓi kalmar, har na ƙara mata girma don masu raunin ido. Na gwada a wata sabuwar waya da ke kwali a shagona, lafiya lau. Sunana kuwa na keɓe shi daga binciken, tunda ni ne mai gida. Na saki sabuwar manhaja ranar wata Laraba, na sayi tsire na ba kaina lada.

Kwana biyu allo ya yi ja kamar an baza barkono a tabarma. Na yi ta murna ina cewa ashe ɓarayin da yawa. Ban tsaya na karanta sunayen da kyau ba, ban kuma lura da cewa Guguwar Kunci yana nan fari tas ba. Wanda ya iya yanke wa alƙali harshe, ɗaure mai gadi ba zai gagare shi ba.

Ranar Asabar da hantsi Baba Audu ya sauko daga motar Kano ya shigo shagona. Na tashi na gaishe shi, na jawo masa benci. Bai zauna ba. Ya ciro wayarsa daga aljihu ya ajiye a kan tebur, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Ɗanlami, wa ya gyara mini wayar nan lokacin da aka kawo mini ita?"

"Ni ne, Baba."

"Bayan kai wani ya taɓa ta?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni na sani. Ba wanda ya taɓa. To karanta mini abin da ke gefen sunana, don jikokina sun karanta mini, na ce sai na ji daga bakin mai rubutun."

Na duba. A take na gane abin da na aikata. Mai gadina bai kama ɓarawo ko ɗaya ba. Kwastomomina ya bi ɗaya bayan ɗaya, duk wanda na taɓa yi wa filashin da hannuna, ya manna masa sata. Masu sabuwar waya a kwali, wato masu hali, su suka fita da farin suna.

Na fara ba shi haƙuri ina cewa ai wasa ne kawai, yanzu zan goge. Ya ɗaga hannu.

"Wasa ne a wajenka. Shekara arba'in ina awo a Dawanau, ba wanda ya taɓa kwance buhu bayan na ce a ɗinke. Shekaranjiya yaran rumfa suka fara tsokanata, na yi dariya. Jiya Alhaji Nasiru, wanda na auna wa mahaifinsa hatsi, ya sa aka zazzage buhu uku aka sake aunawa a gabana. Ya ce kada in ji komai, wai wanda ya iya coge a dara, a dai duba tiyarsa. Awon ya fito daidai. Amma an sake."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan in sake ji. Kafin azahar na goge tambarin daga sunan kowa. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe wankin ya fi ɓatawar wuya. Mako guda bayan haka labari ya iso mini cewa a Dawanau ana cewa ɗan abokinsa ne mai wasan, shi ya rufa masa asiri. Manoma biyu daga cikin masu kiran Baba suka koma wajen wani mai awon. Shi kuwa ya daina buɗe dara gaba ɗaya, ko ta ƙasa ba ya zama.

Na hau mota na tafi wajen Malama Binta, na shirya jin "ai na faɗa maka". Ba ta faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta jawo takarda ta zana gurabe talatin.

"Allo na gaskiya ɗaya ne, kuma a sabar zai zauna," ta ce. "Waya ba ta da ikon cewa na ci. Iyakarta ta ce, ina roƙon a matsar da ɗana daga nan zuwa nan. Sabar ta duba: layinsa ne? Ɗan nasa ne? Gurbin a kusa yake, kuma ba kowa a ciki? In haka ne ta matsar, ta sanar da su biyun. In ba haka ba ta ƙi, shi ke nan. Kowace tafiya kuma ta rubuta ta ajiye."

"To ɗan cogen fa, yaya zan gane shi?"

"Me za ka yi da gane shi? Ka bar shi ya yi wa wayarsa duk abin da ya ga dama, tasa ce. Kai dai ka daina yarda da ita."

A mota ina dawowa na ga abin da ya kamata in gani tuntuni. Aikin Baba Audu ke nan. Manomi ba ya cewa buhuna tiya arba'in ne a yarda, ɗan kasuwa ma ba ya cewa talatin da takwas ne a yarda. Ba kuma a lalube aljihun kowa. Ana kiran mai awo ne ya auna.

Wata uku aikin ya ci. Nan ne za ku gane zaman inuwar da kuke magana. Matsalar da na guda tun farko tana nan tana jirana, wato jinkiri. Gwajin farko a kan suri, na taɓa dutse sai da na ƙirga goma sha ɗaya kafin ya motsa. Na rage nauyin saƙon har ya koma lambobi biyu kacal, gurbin tashi da gurbin sauka. Na sa waya ta nuna tafiyar nan take da ɗan dishi-dishi, idan sabar ta amince sai dutsen ya yi ƙarar faɗawa gurbi, idan ta ƙi ya koma inda ya fito. Sai maganar yankewar sabis. Wasannin birni sukan ce wanda ya ɓace minti ɗaya ya faɗi. A nan in ka yi haka ka zalunci rabin gari, don mutum na iya shiga kwari da shanu ya yi rabin sa'a ba sabis. Na sa sabar ta riƙe allo ta jira. Na kuma sa maɓallin tafiya salla, wanda ke tsayar da wasa ba tare da an ci kowa ba. Har yau shi ne abin da aka fi yaba mini a kai, ko da yake akwai masu danna shi da ƙarfe goma na safe idan sun ga za a cinye su. Tsofaffin manhajojin da ke wayoyin mutane ban rufe musu ƙofa ba, don ba kowa ke da datar sauko da sabuwa ba. Sabar na karɓar tafiyarsu, ta auna ta kamar ta kowa.

Kwana huɗu da kunna sabon tsari, wani direban bas mai jigila tsakanin Kunci da Kano, Sabi'u, ya faka a ƙofar shagona ya shigo yana huci.

"Malam, duba mini wayar nan, ta lalace."

"Me take yi?"

"Dara ce. Da, in na danna ɗa na riƙe, yana tsallakewa. Yanzu sai ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, kamar akuya a turke."

Na karɓa na duba sunan da ke sama. Guguwar Kunci. Na zauna a kan benci don kada dariya ta kayar da ni. Ashe shi bai ma san buɗe manhaja ba. A tasha a Kano wani ya tura masa, ya ce wannan ce dara mai ƙarfi ta manya. Da na bayyana masa abin da ya jawo, da abin da ya sami Baba Audu, sai ya daina hucin. Ya ce shi ya san ba daidai ba ne, amma daɗin ganin sunansa a sama ya hana shi bari. Ya tambaye ni me zai yi. Na ce ya tanadi kujera biyu a gaban motarsa ranar Alhamis.

Shawo kan Baba ya fi rubuta sabar wuya. Na same shi a gonarsa yana ɗaure karan dawa. Na ce masa wasannin baya ba ni da shaidarsu, don tsohuwar sabar ba ta ajiye komai ba sai sunan wanda ya ci, amma yanzu ko ni mai wasan ba zan iya coge ba. Idan ya buga a gaban mutane ya ci, ba mai sauran magana.

"In kuma na faɗi fa?"

"Baba, kai ne fa."

"Kai ma ai kai ne, ka ga abin da ka yi." Ya ɗaure damin ya miƙe. "Zan je. Amma kai za ka fara magana, kuma da ƙarfi, don kasuwa ce."

Ranar Alhamis bayan azahar muka tsaya a rumfar Alhaji Nasiru, tsakanin buhunan gero da na wake. Mutane suka taru, don Dawanau ba ta ƙin kallo. Na hau kan buhu na faɗi abin da na yi, ban rage ba. Sannan na ɗaga wayata, wadda ita ma ni na yi mata filashin, na buɗe tsohuwar manhaja, na cire keɓewar da na yi wa kaina. Jan tambari ya fito a gefen sunana: Ɗanlami, Ɗan Coge. Wayar ta zaga hannu-hannu ana dariya. Wani dattijo ya ce wannan karon dai na'ura ta faɗi gaskiya. Sabi'u ya fito ya faɗi nasa, ya nuna yadda dutsensa ke tafiya yana dawowa, aka yi masa ihu aka kuma yafe masa a wuri ɗaya, don ya iya ba da labari.

Sai wasa. Alhaji Nasiru da kansa ya ce shi zai fara, da sabuwar wayarsa ta kwali, kuma ya ce a musanya, Baba ya buga da ta Alhaji, shi kuma ya buga da ta Baba. Baba ya ce to. Ya zauna a kan buhu, ya nisanta wayar daga fuskarsa yadda tsofaffi ke yi, ya bar wa Alhaji 'ya'ya biyu ya ci yana murmushi. Mu da muka san shi muka kalli juna. Ba a yi minti goma ba Alhaji ya rage da duwatsu biyu yana neman hanyar gudu. Mutum huɗu suka biyo baya. Baba ya cinye uku, na ƙarshe, wani mai ɗinkin buhu, shi ya ci Baba da ƙyar. Baba ya miƙa masa hannu yana dariya, ya ce gara haka, kada a ce aljanu yake da su.

Ana cikin hayaniya Alhaji Nasiru ya ce mini, "To Malam Ɗanlami, tunda yanzu ka san ɓarawon gaskiya, sai ka mayar da tambarin nan a kan direba."

Na buɗe baki zan ce to, don raina yana so. Baba ya riga ni.

"Kada ka manna wa kowa. Ka hana shi yi, ya isa. Ni na ɗauki abin nan wata uku, na san nauyinsa."

Shi ya sa har yau ba jan tambari a darata, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannuna ba zai sa ba. Idan kun gama haɗa naku wasan ku kawo mini, ba zan dubi kyan zanensa ba. Zan tambaye ku inda alƙali yake zaune, sannan in tambaye ku sunan wa zai ɓaci ranar da kuka yi kuskure, don za ku yi. Ɗaya daga cikin manoman nan biyu da suka bar Baba bai dawo ba har yanzu, kuma wannan a wuyana yake.

Ranar Alhamis ɗin nan dai ban bar Dawanau da wuri ba. Na tsaya a gefe har la'asar, lokacin da wata motar gero ta iso daga wajen Kunci. Alhaji Nasiru ya taya, aka daidaita, sai ya waiga ya ce a kira Baba Audu. Baba ya naɗe hannun riga, ya ɗauki tsohuwar tiyarsa, ya shiga awo yana ƙirgawa a hankali yadda ya saba. Da ya zuba ta arba'in a buhun farko sai ya tsaya, ya riƙe kwanon a hannu, ya dubi Alhaji yana jira ya ji ko za a ce a sake awo. Ni ma na dubi Alhaji.

Alhaji yana zaune a kan benci, kansa a sunkuye, yana fama da mai ɗinkin buhu a dara. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Baba, me ake jira?" ya ce. "A ɗinke."